Mota na shan ruwa amma baƙin mai tas yake: gaskit ne ya ƙone ko a'a?

Tambaya: Motata mai silinda huɗu ce, ta fetur. Wata guda da ya wuce ta yi zafi a kan hanya, allura ta kusa taɓa ja. Na tsaya ta huce, na zuba ruwa na ci gaba da tafiya. Tun daga ranar kusan kullum sai na ƙara ruwa a lagireto, amma ban taɓa ganin ɗigo a inda nake ajiye ta ba. Da safe in na tayar sai ta yi ta rawa tana fitar da farin hayaƙi, bayan ɗan lokaci ta daidaita. Makanikina ya ce gaskit ne, a buɗe inji. Wani kuma ya zaro gejin mai ya duba, ya ce tunda ruwa bai haɗu da mai ba to ba gaskit ba ne, in sayi maganin toshe yoyo in zuba. Wa zan bi?

Amsa:

Ɗan'uwa, sannu da fama. Daga abin da ka bayyana, makanikinka na farko ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma kada ka bari ya ɗora sifana a kan injin sai ya yi gwaji a gabanka ka gani da idonka. Shi kuwa na biyun ya faɗa ramin da mutane da yawa ke faɗawa, har da waɗanda suka daɗe a gareji. Sun ɗauka alamar ƙonewar gaskit ɗaya ce tak, wato ruwa ya gauraya da baƙin mai. Ni kam na sha buɗe injin da gaskit ɗinsa ya gama yawo, alhali mansa tas yake, ko ɗigon ruwa babu.

Dalilin yana cikin yadda aka gina injin. Ɓangare biyu ne aka kifa ɗaya a kan ɗaya. A ƙasa akwai bulok, inda fistin ke hawa da sauka. A sama akwai kan inji, wanda muke kira tof silinda, inda bawul da fulogai suke. Gaskit shi ne siririn faifan da aka matse tsakaninsu, kaurinsa bai wuce milimita 1 da 'yan kai ba a yawancin motoci. Abu uku ke haɗuwa a wannan mahaɗa, kowanne da ƙofarsa: wutar da ke tashi cikin silinda, ruwan sanyaya inji, da baƙin mai da ke hawa sama ya shafe kamshaf ya sauko. Aikin gaskit shi ne kada ɗayansu ya leƙa gidan wani. In ya ɓalle, alamar da za ka gani ta danganta da wace katanga ce ta faɗi. In tsakanin ruwa da mai ne, nan ne za ka ga mai ya yi fari-fari ya yi kauri a geji. In tsakanin silinda biyu da ke maƙwabtaka ne, mota za ta rasa ƙarfi ta dinga misin, ruwa kuwa ko kaɗan ba zai ragu ba. Akwai mai tsiyaya ta waje, ka ga danshi ko busasshen farin tabo a gefen bulok, irin wanda aka san injin Subaru EJ25 da shi. Sai wanda na fi cin karo da shi, kuma shi nake zato a motarka: tsakanin silinda da hanyar ruwa.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin in ka gane wannan ka gane duk abin da motarka ke yi. Lokacin da fetur ya kama da wuta a cikin silinda, in an taka mota sosai, matsin da ke tashi yana haura PSI 700, a ma'aunin nan da ake auna iskar taya da shi. A injin dizal na zamani ya wuce 2,000. Ruwan lagireto kuwa murfinsa ne ke ƙayyade masa matsi, yawanci PSI 13 zuwa 16, wajen rabin iskar tayarka ke nan. To in aka samu 'yar tsaga kamar silin gashi tsakanin waɗannan biyun, wa zai rinjayi wani? Muddin inji na aiki, hayaƙi ne zai kutsa cikin ruwa. Ya taru ya zama kumfa, ya ture ruwan ta murfi zuwa robar ajiya, daga nan ya zube a titi kana gudu ba ka sani ba. Shi ya sa ba ka ganin ɗigo a gida. Da ka kashe mota kuma sai reshe ya juye da mujiya. Silinda ba ta da matsi ko kaɗan, amma ruwan nan mai zafi yana riƙe da nasa na tsawon lokaci kafin ya huce, sai ya dinga tsatsafowa cikin silinda sannu a hankali, ya kwana a kan fistin. Da safe ka murɗa makulli, fulogin silindar nan a jiƙe, ya ƙi kamawa, injin ya yi ta rawa da ƙafa uku har sai ruwan ya ƙone ya fita ta salansa a matsayin tururi. Ƙarfe ya ɗauki zafi ya buɗa, tsagar ta ɗan rufe, mota ta daidaita kamar ba ita ba. A duk wannan tafiyar ruwa bai bi ta hanyar mai ba, sai ɗan abin da ya zurare ta gefen ringi, wanda zafi ke kora. Geji ba zai nuna komai ba.

Akwai abin da za ka iya dubawa da kanka gobe da safe, kafin ka je wurin kowa. Injin ya kwana ya yi sanyi ƙalau, wannan sharaɗi ne, domin buɗe murfin lagireto da zafi ya ƙona fuskar mutane da yawa. Da farko matsa babban tiyon sama da hannu. In mota ta kwana amma tiyon ya yi tauri kamar an hura shi, ko ka ji "fiss" da ka kwance murfi, wannan iskar ba ta ruwa ba ce, daga wani wuri ta shigo. Cika ruwa har wuya, ka bar murfin a buɗe, wani ya tayar maka. Kumfa kaɗan a minti na farko ba komai ba ne, iskar da ta maƙale ce ke fita. Abin da kake nema shi ne kumfar da ba ta yankewa, tana ɓulɓulowa bi da bi, in an ɗan taka totur ta ƙaru, ko ruwan ya yi tsalle waje tun injin bai yi ɗumi ba. Ruwan sanyi ba ya tafasa, saboda haka kumfar da ta ƙi yankewa a lokacin hayaƙi ne. Farin hayaƙin salansa ma ka lura da shi. Kowace mota na fitar da ɗan tururi in gari da sanyi, amma wannan siriri ne, yana watsewa nan take. Na gaskit mai kauri ne, yana tsayawa a iska, in kuma kulant kake zubawa, wato ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa, za ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. In ruwa zalla ne a ciki ba za ka ji ƙamshin komai ba, kada rashinsa ya ruɗe ka.

Ni gwajin da na fi so in fara da shi a gareji ba ya buƙatar na'ura. In kwance fulogan huɗu in jera su a kan tsumma yadda suke a injin, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Uku za ka gan su da launin ƙasa-ƙasa, da ɗan baƙi a gefe, irin na fulogin da ya yi aiki. Ɗaya kuwa fes, farin kansa na ƙyalli kamar yau aka ciro shi daga kwali. Mai mota ya kan nuna shi ya ce ai wannan ne mai lafiya. Shi ne marar lafiyar. Tururi ne ya wanke shi. In ka haska tocila ta ramin, ko aka zura 'yar kyamarar nan mai igiya, za ka ga kan fistin ɗin ma ya wanku sumul, na kusa da shi kuwa baƙi wuluk da gawayi.

Daga nan sai gwaje-gwajen na'ura, kuma ina so ka nemi aƙalla biyu daga cikinsu. Akwai wani ruwan gwaji shuɗi da ake zubawa a wata 'yar kwalba mai roba a ka, a kafa ta a bakin lagireto bayan an rage ruwan kaɗan, a dinga zuƙo iskar da ke saman ruwan ta ratsa shi. In akwai hayaƙin inji a ciki, shuɗin nan sai ya koma rawaya, a dizal kuma kore-kore. In ya canza, magana ta ƙare, hayaƙi na shiga ruwa. In bai canza ba kuwa ba a wanke gaskit ba tukuna, domin ƙaramar tsaga wani lokaci sai an ɗora wa mota nauyi a hawa take buɗewa. Gwajin kwamfireshan, wato auna ƙarfin matsin kowace silinda, shi kowa ya sani. Injin fetur mai lafiya ya kan ba da PSI 150 zuwa 200, amma abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin silindoji, kada ta wuce kamar kashi 10 cikin 100. Silinda biyu na jere su faɗi tare, gaskit ne ya ɓalle tsakaninsu. Sai dai irin matsalarka sau da yawa ba ta bayyana a wannan gwajin, ka ga lambobi sun yi kyau ka koma gida da murna. Wanda ya fi kama ɓarawo shi ne a kawo fistin ƙololuwa, bawul duka a rufe, a hura iska kamar PSI 90 zuwa 100 ta ramin fulogi, a saurara. In ta fito ta salansa ko ta wajen shaƙar iska, bawul ne. In ta murfin mai ne, ringi ne. In ruwan lagireto ya fara ɓulɓula ko ya taso, ka samu amsarka, har da lambar silindar. Akwai kuma akasinsa: a hura wa lagireto iska daidai matsin murfinsa, a cire fulogai, a bar mota ta kwana, da safe a leƙa a ga wace silinda ce ta tara ruwa. Wannan gwajin yana da wata riba, domin in yoyon a waje yake, a tiyo ko famfon ruwa ko 'yar lagireton hita da ke ƙarƙashin dashbod, shi zai tona shi.

Abin da ya sa nake nacewa a kan gwaji, akwai cututtukan da ke shigar burtu da kamannin gaskit. Oyil kula, wato na'urar sanyaya baƙin mai, in ta fashe ta ciki tana haɗa mai da ruwa. A mota mai giya otomatik, bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto na iya fashewa, ruwa ya yi ja-ja. A dizal na zamani, na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji, wadda ake kira EGR kula, in ta tsage tana shan ruwa tana fitar da farin hayaƙi sak irin na gaskit. A wasu injuna masu siffar V, gaskit ɗin manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, shi ke zuba ruwa cikin mai. Farin abu mai yauƙi a ƙarƙashin murfin mai kuwa, in mota gajerun tafiye-tafiye kawai take yi, sau da yawa raɓa ce kurum. Sannan ka sani, duk gwajin da na lissafa iyakarsa ya ce maka silinda da ruwa sun haɗu. Ba zai iya rarrabe maka gaskit da tsagewar tof silinda ko ta bulok ba, wannan sai an buɗe.

Maganin toshe yoyo fa? Yawancinsu wani sinadari ne da ke daskarewa kamar gilashi in ya haɗu da zafi, wasu da ɓarɓashin zare ko na ƙarfe a ciki. Ban ce ba ya aiki sam ba. Ya kan riƙe ƙaramar tsaga na ɗan lokaci. Amma bai san tsagar gaskit daga siraran bututun lagireto da na hita ba, duk inda ya ga ƙaramar ƙofa zai zauna. Motar da zafi ne asalin ciwonta, ka ƙara toshe mata hanyar ruwa, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. In tsohuwar mota ce da kuɗin gyaranta ya fi ƙarfin darajarta, kana so ta ɗan ƙara kai ka wata biyu, to wannan lissafi ne dabam. Motar da kake son ci gaba da hawa, a'a.

Kuma don Allah ka rage hawanta daga yau. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Ranar da abin da ya kwana a silinda ya yi yawa, fistin zai taso ya tarar da bango, ko dai sitata ta tsaya cak, ko kwanrod, sandar da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe. In wata safiya ka murɗa makulli ka ji injin ya juya rabi ya ƙame, kada ka sake gwadawa, kada kuma a tura. A cire fulogai tukuna a juya, ruwan ya fito. Kulant ɗin da ke bi ta salansa yana kashe sensar iskar oksijin da katalis mai tace hayaƙi, wanda ya sauka cikin mai kuma yana cin metal, wato ƙarafan da kuranshaf ke juyawa a kansu. Sannan allurar zafi na iya yaudararka: in ruwa ya ƙare ƙaf, sensar ba ta cikin ruwa, allura na iya sauka alhali injin na dahuwa. In kana tafiya hita ta koma busa sanyi farat ɗaya, tsaya.

Yanzu gyara. Ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai a wannan amsa: gaskit ba kasafai yake mutuwa don kansa ba, kashe shi ake yi. Naka zafin ranar nan ne ya kashe shi. Tof silinda na yawancin motoci alminiyam ne, shi kuma alminiyam yana buɗawa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfen da ake zuba bulok ɗin wasu injuna da shi. In zafi ya wuce kima, tof ɗin ya kumbura yana neman wurin zuwa, bol-bol sun riƙe shi, sai ya murƙushe zoben gaskit da ke kewaye da silinda, shi kansa kuma ya bankare. Da ya huce ba ya komawa daidai. Tambayar da ya kamata makanikinka ya amsa kafin ya sayi gaskit ita ce: me ya sa ta yi zafi a ranar? Fanka ce ba ta tashi ba? Tamostat ne, 'yar ƙofar da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ya maƙale a rufe? Fukafukan famfon ruwa ne suka cinye? Lagireto ne ya toshe da tsatsa? Ko murfin ne kawai ya saki? Mutane na raina murfin nan. Ruwa zalla na tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin matsin murfi mai lafiya sai ya kai wajen 120. Injin kuwa aikinsa na yau da kullum tsakanin 85 da 105 yake. Ka ga murfin da ya saki kaɗai ya isa ya sa ruwa tafasa a motar da komai nata lafiya lau.

An taɓa kawo mini wata mota da aka sa wa gaskit sau biyu cikin wata huɗu. Mai ita ya zo da fushi, yana cewa jabun kaya ake sa masa. Da muka ɗaga tof ɗin, gaskit ɗin mai kyau ne, amma ya ƙone a siririn wurin nan tsakanin silinda ta biyu da ta uku, baƙin layi ya ratsa shi kamar an ja da gawayi. Na wanke fuskar tof ɗin, na ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a kai, na ce masa ya tsuguna ya duba, na haska tocila ta baya. Haske ya ratso ta tsakiya. Na zura fila geji, siririn faifan auna tazara, mai kaurin milimita 0.15, ya wuce salin-alin ko gogawa bai yi ba. Babu wanda ya taɓa auna shi a buɗewa biyun da aka yi. Bayan mun haɗa mun tayar, na kashe na shafa lagireton da tafin hannu: gefe da zafi, tsakiya sanyi kamar ba a jikin mota yake ba. Rabin bututunsa a toshe. Da an sa masa gaskit goma, goman za su ƙone a wuri ɗaya.

Saboda haka in an buɗe, ka tsaya a kan awo. Tun daga kwancewa ake fara kiyayewa: injin ya yi sanyi, a sassauta bol-bol daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, don kada a ƙara bankare tof ɗin da hannu. Kada a jefar da tsohon gaskit, a karanta shi, shi zai nuna inda abin ya faru. In an duba shi sama da ƙasa ba a ga inda ya ɓalle ba, hankali ya koma kan tsaga. A auna fuskar tof a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa. Iyakar da kamfanoni da yawa ke bayarwa ga injin silinda huɗu tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10, ainihin ta motarka tana cikin littafin gyaranta. Ido ba ya ganin wannan, yatsa ma ba ya ji. A auna fuskar bulok ita ma. Sannan a kai tof ɗin wurin masu injin garandin su gwada shi da matsi a cikin ruwan zafi, domin tsaga ta fi son ɓuya tsakanin kujerun bawul ko kusa da ramin fulogi, wata kuma sai da zafi take buɗewa. In ya bankare kaɗan, a share fuskar. Amma garandin ma yana da iyaka, kowane tof na da kaurin da ba a sauka ƙasa da shi, in an wuce kwamfireshan ya hau, taimin ya ɗan goce, bawul ya matso kusa da fistin. In ya bankare da yawa, ka tuna saman ma ya bankare tare da ƙasan, wurin da kamshaf ke kwanciya. A share ƙasa a bar sama a karkace, kamshaf ya dinga ɗaurewa. Irin wannan ko a miƙe shi da zafi kafin garandin, ko a nemi wani.

Wurin share tsohon gaskit daga bulok, a yi da abin kankara marar kaifi da haƙuri. Faifan gurza da ake ɗaurawa a dirila yana da sauri, amma yana cin alminiyam ya bar kwari, yashinsa kuma ya gangara hanyar mai ya je ya cinye metal bayan 'yan watanni. Gaskit ɗin motocin yanzu yawanci faifan ƙarfe ne sirara aka jera, uku zuwa biyar, da ɗan shafe a jiki. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma ba ya yafe fuska mai kaushi kamar yadda tsohon mai taushi ke yi. Kada a shafa masa gam ko giris, busasshe ake ɗora shi, sai ɗigon gam a wuraren da littafi ya nuna, kamar mahaɗar murfin taimin. A duba rubutun TOP ko FRONT a jikinsa, domin akwai injin da gaskit ke zama daram ko an juya shi, amma ya rufe ramin mai ko na ruwa. Masu dizal kuma, irin TDI na Volkswagen, gaskit ɗinsu kauri-kauri ne, ana gane shi da yawan huda ko tsaga a gefe, kuma gwargwadon yadda fistin ya ɗago sama da bulok ake zaɓa.

Sai bol-bol, inda aiki mai kyau ya fi lalacewa a minti talatin na ƙarshe. Na motocin zamani an yi su ne su ɗan miƙe in an ɗaure, wannan miƙewar ce ke riƙe tof da ƙarfi iri ɗaya ko da zafi ko da sanyi. Wanda ya riga ya miƙe ba lallai ya sake ba da wannan ƙarfin ba. Wasu kamfanoni sun yarda a auna kauri ko tsawonsa a mayar in bai wuce iyaka ba, wasu sun ce a canza kawai. Ni in injin ya yi zafi irin naka, sababbi nake sawa. A busar da ramukan bol ƙaƙaf da iska, domin mai ko ruwan da ya taru a ƙasan rami zai sa sifana ta nuna an kai alhali ba a matse ba, wani lokaci ma ya tsaga bulok. Ɗaurin daga tsakiya yake farawa ya yi waje, hawa-hawa, da sifanar auna ƙarfin ɗauri, sannan a ƙarasa da kusurwa, misali digiri 90, sau ɗaya ko sau biyu yadda littafi ya ce. A ɗiga fenti a kan kowane bol don a san wanda aka juya. In ka ga mutum ya zura bututu a sifana yana ja yana cewa hannunsa ya san daidai, ɗauke motarka. In kuma ana cikin ɗauri wani bol ya yi laushi ya ƙi kamawa, tiredin bulok ne ya cinye. An san injin Toyota 2AZ-FE mai lita 2.4, na Camry da RAV4 na farkon shekarun 2000, da wannan a bol-bol na baya. Maganinsa a huda a dasa sabon tiredi na ƙarfe, gaskit kaɗai ba zai yi ba.

Sauran aikin sananne ne. In bel ne ke jan taimin, a sa sabo tunda an riga an buɗe, da famfon ruwa in shi yake juyawa. A juya injin da hannu zagaye biyu a tabbatar alamomin taimin sun dawo wurinsu kafin a taɓa makulli. Sabon mai da filta, sabon murfin lagireto, sabon tamostat. Na san akwai masu cire tamostat su yar, su ce shi ke kawo zafi. Mai lafiya yana buɗewa ne wajen digiri 82 zuwa 88 a yawancin motoci, ba ya hana ruwa wucewa in lokaci ya yi. Cire shi na sa injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, a wasu injunan ma ruwa ya dinga zagayawa ta gajeriyar hanya bai bi ta lagireto sosai ba. A zuba kulant rabi da rabi da tataccen ruwa, domin ruwa zalla shi ke haifar da tsatsar da ke toshe lagireto yana cin alminiyam. A fitar da iska tsaf, hita a kunne, a jira har fanka ta tashi ta tsaya da kanta, kana tsaye kana gani.

Ko a gyara ko a sauya injin gaba ɗaya? Yadda ka ce allura ba ta shiga ja ba, ka tsaya da wuri, mai kuma tas, ina kyautata zaton ƙasan injinka lafiya yake, gyara ya fi. Da za ka ce mini ta yi zafi har ta mutu da kanta, ko an daɗe ana hawa da mai gauraye da ruwa, ko kana jin ƙwanƙwasa daga ƙasa, ko an buɗe an ga bangon silinda ya karce, da na ce ka fara tambayar wani injin. Bayan gyara, sati biyun farko ka duba ruwa kowace safiya kafin ka tayar. Ya ɗan sauka sau ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, ragowar iska ce ke fita. Ka sa alama da biro a jikin robar ajiya. In bayan kwana huɗu ko biyar yana ci gaba da sauka ƙasa da alamar, ko tiyon sama ya sake kwana da tauri, mayar da ita a sake gwajin shuɗin ruwan nan kafin ka yi doguwar tafiya.